Hannuna ba ya saki sai hantsi: amsa ga mai fama da amosanin gaɓɓai

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni tela ce, shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Shekara biyu da suka wuce, bayan haihuwata ta ƙarshe, aka auna jinina aka ce ina da amosanin gaɓɓai irin wanda ake kira rumatoid. Kullum da asuba yatsuna a ƙage suke, ko buta ba na iya ɗauka, sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya suke saki. Da rana sai in ji garau in yi ta ɗinki, da yamma kuma wuyan hannu da gwiwa su kama. Wani dare kuma hannun dama ne yake mutuwa har ya tashe ni. An ba ni methotrexate, na sha wata guda ban ga ya kashe ciwon ba, na ajiye. Yanzu diclofenac nake sha safe da yamma, da wani haɗi da mai kemis yake ƙulla mini a leda, kuma haɗin ne ya fi yi mini aiki. Me ya sa ciwon yake da lokaci haka, kuma me zan yi in samu sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Bayanin da kika yi ya fi takardun gwaji da yawa amfani a wurina, domin a wannan cuta lokacin da ciwo yake zuwa shi ne yake nuna abin da ya kawo shi. Kin lissafa ciwo iri uku: na asuba, na yamma, da na tsakar dare. Cutar ɗaya ce, amma kowanne da dalilinsa, kuma ƙwaya ɗaya ba za ta yi maganinsu duka ba. Sai dai bari in faɗa miki gaskiya tun daga farko ko da ba za ta yi daɗi ba: maganin da kika ajiye shi ne maganin cutar, wanda kuma kike yabo shi ne na fi jin tsoro a cikin duk abin da kika ambata.

Mu fara da asuba. A cikin kowace gaɓa akwai wata siririyar fata da ke fitar da ruwan da ke sa ƙasusuwa su motsa ba tare da sun gogi juna ba. A jikin mai rumatoid, garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa wannan fatar, sai ta kumbura, ta yi kauri, ta tara ruwa. Sinadaran da ke hura kumburin, musamman wani da ake kira IL-6, ba daidai suke ba dare da rana. Cikin dare suke hauhawa, su kai ƙololuwa daf da asuba. Shi kuwa kotisol, sinadarin da jiki ke yi da kansa don danne kumburi, a tsakar dare yake yin ƙasa sosai, sai can wajen ƙarfe biyu ko uku ya fara tasowa, ba ya cika ƙarfi sai kusan takwas na safe. Kin ga ke nan akwai wasu sa'o'i da kumburi ke cin karensa babu babbaka. Ga shi kuma kina kwance ba motsi, ruwan da ya taru a gaɓa bai samu abin da zai kora shi ba. Kiran sallar farko yana zuwa ne daidai lokacin da abubuwan nan suka haɗu. Idan rana ta ɗaga, kotisol ya cika, kin yi ta kai da kawo, sai hannu ya saki.

Sanyin hunturu yana ƙara wa mutane da yawa ƙagewa, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya kawo cutar ba. Na san ba za a rasa wadda ta ce miki wankan jego ne ba ki yi da kyau ba, sanyi ya shige ki. Ki cire wannan daga ranki. Cutar takan lafa wa mata da dama lokacin da suke da ciki, sannan ta taso ko ta fara bayyana a watannin bayan haihuwa, saboda sauyin da garkuwar jiki ke yi. Haka take yi wa matan ƙasashen da ba su taɓa jin labarin wankan jego ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke da ita a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Tsawon lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya saki, ma'auni ne da muke dogaro da shi sosai. Mai amosanin tsufa, wanda guringuntsinsa ne ya zaizaye, ƙagewarsa ta safe ba ta cika wuce rabin awa ba. A rumatoid takan kai awa guda ko fiye. Taki kuwa daga asuba zuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya, wato awa biyar ko shida, kuma duk da kina shan diclofenac da haɗi. Wannan yana nuna cutar tana kan ganiyarta, kuma kumburin da ke sa ki ciwo da safe shi ne dai yake cin ƙashi da guringuntsi a hankali. Abin da ya ci ba ya dawowa. Yatsun da kika gani sun karkace a hannun wasu dattawa, ba dare ɗaya suka zama haka ba.

Shi ya sa batun methotrexate ya fi komai muhimmanci. Ba maganin kashe ciwo ba ne, ba za ki sha yau ki ji sauƙi gobe ba. Aikinsa shi ne lallashin garkuwar jiki ta daina kai harin, kuma yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga tasirinsa. Kin ajiye shi yana daf da fara aiki. Wannan yana faruwa kullum, kuma sau da yawa laifin namu ne masu rubuta maganin, da ba mu tsaya mun yi bayani ba saboda layi ya yi tsawo. Wasu kuma takardar cikin kwali suke karantawa, su ga an ambaci ciwon daji, su firgita. Gaskiya ne ana amfani da shi a wasu nau'o'in daji, amma abin da ake ba mai amosani kaɗan ne ƙwarai, yawanci daga miligiram 7.5 zuwa 25 a mako. Tun 1988 aka amince da shi don wannan cuta a Amurka, kuma har yau shi ne farkon abin da ake farawa da shi kusan ko'ina.

Yana da dokokinsa, kuma ba na wasa ba ne. Sau ɗaya a mako ake shan sa, rana guda tsayayya, ba kullum ba. Ki zaɓi rana, misali Juma'a da dare, ki rubuta a jikin kwalin da babban baƙi, domin shan sa kullum bisa kuskure ya taɓa kashe mutane. Ana haɗa shi da folic acid a wata ranar daban, don rage tashin zuciya da gyambon baki. Kafin a fara, sai an auna jini, hanta da ƙoda, an duba ciwon hanta nau'in B da C, wanda a wurinmu ba a tsallake shi saboda yawan masu ɗauke da B ɗin ba su sani ba, sannan a ci gaba da auna jinin lokaci-lokaci. Kada ki taɓa haɗa shi da Septrin, wanda masu kemis ke miƙawa don tari ko gudawa. Haɗuwarsu takan durƙusar da ɓargo ya daina yin jini. Kuma ba a shan sa da ciki, ba a shan sa ana shayarwa. A shekarunki wannan magana ce da ya kamata ku zauna ku yi da maigida, ku shiga wurin likita tare: ko dai a yi tazarar haihuwa yayin da kike kansa, ko kuwa idan kuna son ƙarin haihuwa nan kusa a ɗora ki kan hydroxychloroquine da sulfasalazine, waɗanda ake iya ci gaba da su har da ciki.

Idan an koma kan magani, ƙa'ida ita ce likita ya riƙa ganin ki duk wata ɗaya zuwa uku, yana matsa gaɓɓai yana ƙirga masu kumburi, yana duba gwajin jini na ESR ko CRP, masu nuna yawan kumburi a jiki. Idan wata uku ya cika babu wani sauƙi na a zo a gani, ko wata shida ya cika cutar ba ta kwanta ba, sai a ƙara ko a sauya. Ba a barin mutum shekara da shekaru kan adadi ɗaya yana wahala. Akwai allurai na zamani irin su etanercept da adalimumab da tocilizumab, masu aiki sosai amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. Kada hakan ya karya miki gwiwa: wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2013, ya nuna cewa ga waɗanda methotrexate shi kaɗai bai ishe su ba, haɗa shi da sulfasalazine da hydroxychloroquine ya ba da sakamako kusan daidai da ƙara masa etanercept. Ukun nan kuwa ƙwayoyi ne da ake samu a manyan shagunan magani. Likitocin gaɓɓai ba su da yawa a ƙasar nan, amma ana samun su a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Maiduguri. Ko da sau biyu a shekara ne kika samu ganin ɗayansu ya tsara maganin, likitan da ke kusa da ke zai iya ci gaba da bibiya.

Yanzu haɗin leda. Duk haɗin da yake sa mai rumatoid ta tashi garau cikin kwana ɗaya, kusan ko shakka babu akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, galibi tare da feldin ko wani ɗan'uwan diclofenac. Prednisolone da dexamethasone dangin kotisol ne na kanti, shi ya sa suke aiki kamar yankan wuƙa. A 1948 aka fara gwada irinsu a kan wata mai wannan cuta a asibitin Mayo da ke Amurka, matar da ba ta iya tashi daga gado ta miƙe cikin kwanaki, har likitan, Philip Hench, ya samu kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba aka ga ɗaya fuskar maganin: hawan jini, ciwon suga, kumburin fuska, nankarwa, yanar ido, ƙashi ya yi rauni ya karye a banza, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Mu ma muna ba da prednisolone, amma kaɗan, da sanin adadinsa, na ɗan lokaci, don ya riƙe mutum kafin methotrexate ya kama aiki, sannan a janye shi sannu a hankali. Abin da ke cikin leda ba ki san adadinsa ba, ba ki san ranar dainawa ba. Ga mai dogaro da shi da diclofenac kaɗai, lamarin kamar shafa fenti ne a kan azarar da gara ke ci: ido zai ga kyau, rufin kuwa yana nan yana lalacewa.

Amma fa kada ki karanta wannan ki zubar da ledar yau. Idan kin fi mako uku kina sha kullum, jikinki ya rage yin nasa kotisol ɗin, yankewa farat ɗaya kan jawo kasala mai tsanani, amai, jiri, jini ya faɗi, wani lokaci har suma. Ki ɗauki ƙulli guda ki kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani a cikin makon nan, a tantance ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a auna miki suga da hawan jini da ƙoda, a tsara yadda za a rage.

Diclofenac da danginsa, wato ibuprofen, naproxen da feldin, suna rage ciwo da ƙagewa, amma ba sa hana gaɓa lalacewa. Ɗaya ake sha, ba biyu ba. Haɗa biyu ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa, kuma da alama abin da kike yi ke nan ba da saninki ba. Diclofenac ba ya wuce miligiram 150 a yini. A sha bayan an ci abinci, kuma wanda zai daɗe a kansa, ko yake haɗa shi da prednisolone, yana buƙatar omeprazole don kare ciki. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ciki da ya wuce rabi, duk ba nasu ba ne. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, lokacin da gumi ke zuba kamar me, ƙoda ta fi saurin jin jiki da su, don haka a yawaita shan ruwa. Farasitamol ya fi su sauƙin illa, ana iya haɗa shi da ɗayansu, ƙwaya biyu ta miligiram 500 a lokaci guda, kada a wuce takwas a yini, kuma a lura magungunan mura da yawa suna da shi a ciki. Man shafawa na diclofenac yana taimaka wa yatsu da gwiwa, abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne. Tramadol kuwa ba ni ba shi a wannan cuta. Ba ya taɓa kumburi ko kaɗan, amfaninsa yana raguwa bayan 'yan makonni, kuma duk mun ga abin da ya yi wa gidaje a garuruwanmu.

Akwai dabarar lokaci da za ki tattauna da likitanki. Ibuprofen aikinsa awa huɗu zuwa shida ne, wanda aka sha da magariba ya gama kafin asuba. Naproxen, ko diclofenac mai sakin kansa a hankali, yakan kai awa goma sha biyu, saboda haka idan aka sha bayan abincin dare yana nan a jiki lokacin da ake buƙatarsa. A Turai har an yi wani nau'in prednisone, ɗan'uwan prednisolone, da ake sha ƙarfe goma na dare ya fashe wajen ƙarfe biyu, don ya tare kumburin kafin ya taso, kuma ya rage tsawon ƙagewar safe. Na gama-gari dai da safe ake shan sa. Kada ki mayar da shi dare da kanki, yana hana barci.

To, kafin magani ya kama, yaya za a yi da asubar gobe? Tun da dare ki cika flas da ruwan zafi ki ajiye kusa da gado tare da roba. Ki farka minti ashirin ko talatin kafin lokacin da kika saba. Kina kwance cikin bargo ki fara motsa yatsu: buɗewa da rufewa a hankali, taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, juya wuyan hannu, lanƙwasa gwiwa da miƙewa, kowanne kamar sau goma, ba da ƙarfi ba. Sannan ki surka ruwan ya zama mai ɗumi, ki tsoma hannuwa minti goma kina ci gaba da motsa su a ciki. Da shi za ki yi alwala. Buta ƙarama, rabin ruwa, a riƙe da hannu biyu, ko ɗaya daga cikin yara ya zuba miki. Ranar da gwiwa ko wuyan hannu suka hana sujada, ki yi sallarki a zaune a kan kujera. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari sananne ne, cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ina ganin mata suna danne wuyan hannu mai kumburi a ƙasa suna hawaye, alhali addini ya riga ya yi musu rangwame. Duk aikin da ke buƙatar ƙananan yatsu, ɓalle maɓallin kayan makaranta, yankan albasa, buɗe murfin kwalba, a yi shi tun da dare ko a raba wa yara. A lokacin hunturu safar hannu da ta ƙafa wajen kwanciya suna taimakawa.

Ciwon yamma labarinsa daban. Wannan na gajiya ne: gaɓar da dama ba ta da lafiya an yi yini ana aiki da ita. Abin da ke faruwa shi ne da zarar hannu ya saki sai ki ce bari in rama abin da na rasa da safe, ki zauna kan keke daga sha ɗaya har la'asar ba ɗagawa, gobe kuma ki biya bashin. Ba zan ce ki bar ɗinki ba, da shi ake cin abinci, kuma zaman banza ya fi cutar da gaɓɓai. Amma ki yanka aikin gunduwa-gunduwa: minti talatin ko arba'in, ki tashi minti biyar ki miƙe yatsu ki taka ƙafa, tun kafin ciwo ya ce ki tashi. Yanka da almakashi shi ya fi cin babban yatsa da wuyan hannu, ki yi shi tsakanin sha ɗaya da azahar lokacin da hannu ya fi ƙarfi, da almakashi mai kaifi, a naɗa wa hannunsa tsumma ya yi kauri. Idan da hali a sa wa keken mota, gwiwa za ta huta. Kujerar ɗinki ta kasance mai tsayi da majingina. Lokacin ɗinkin salla ki rage karɓar kaya tun da wuri, ya fi ki karɓa ki kwanta ciwo ana saura mako guda.

A cikin gida, ayyukan da suka fi lalata yatsu su ne matsar wanki, tuƙin tuwo, daka, jan guga da ɗaukar jarka da yatsu. Matsa tana tura yatsu daidai ɓangaren da cutar ke karkatar da su, wato wajen ƙaramin yatsa. A shanya kayan da ruwansu, ko wani ya matse. Abu mai nauyi a rungume shi da damtse ko a tallafe da tafin hannu biyu. Kujera 'yar tsugunno da dogon tsugunno a banɗaki suna wahalar da gwiwa. Kujerar roba da aka huda ta wadatar. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: idan ciwon da aiki ya tayar ya wuce awa biyu bayan an gama, an yi yawa, gobe a rage. Tafiya a ƙasa minti ashirin zuwa talatin da yamma, da takalmi mai laushi da faɗi, tana ƙarfafa naman cinya ya ɗauke wa gwiwa nauyi. Ki nemi a tura ki wurin likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓɓai ta hanyar motsa jiki, ko da zama biyu ko uku ne, ya nuna miki motsin da ya dace da hannunki.

Na tsakar dare, hannun da ke mutuwa, ki lura da yatsun da abin ya shafa. Idan babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau, kuma yarfa hannu yana kawo sauƙi, to jijiya ce kumburi ya matse a wuyan hannu, a wata 'yar hanya da take ratsawa. Diclofenac ba ya yi mata wani abin kirki. Abin da ke taimakawa shi ne takalmin hannu mai riƙe wuyan hannu a miƙe lokacin barci, kada ki kwanta a kansa ko ki naɗe shi ƙarƙashin filo. In bai isa ba akwai allura a wurin, in tsokar gindin babban yatsa ta fara ramewa sai a yi ƙaramin aiki a saki jijiyar. Sau da yawa idan kumburin ya kwanta ita ma takan lafa.

Akwai wani ciwo na huɗu da ba ki ambata ba amma yakan biyo baya idan aka daɗe ba a barci: jiki duka ya yi tsami, ko'ina aka taɓa zafi, ga kasala da ƙuncin rai, alhali gaɓɓai ba su kumbura ba kuma gwajin jini ya yi kyau. Wannan jijiyoyin jin ciwo ne suka zama masu saurin amsawa. Ƙara prednisolone ba ya maganinsa. Gyaran barci, motsa jiki, wani lokaci da ɗan amitriptyline da dare bisa umarnin likita, su ne hanya. Damuwa ma ciwo ce da ake faɗa wa likita, ba rashin tawakkali ba ne.

Ranar da cutar ta motsa, gaɓa ta yi zafi ta kumbura, kada ki gasa ta. Ɗumi na ƙagewa ne, sanyi na kumburi. Ledar ruwa mai sanyi a naɗe cikin tawul, a ɗora minti goma sha biyar, sau biyu ko uku a yini. Ki huta da gaɓar kwana ɗaya ko biyu, amma ki riƙa motsa ta a hankali kada ta sandare. Idan mako ya zagayo ba ta lafa ba, asibiti. Ana iya yin allura a cikin gaɓar, sai dai ba a wuce sau uku ko huɗu a shekara a gaɓa ɗaya.

Man zafi da man kaɗanya a shafa, ba laifi, tausar ma tana da daɗi. Citta da kifi mai kitse a abinci suna da ɗan amfani, kaɗan ne, ba su maye gurbin magani. Inda nake taka burki shi ne ƙaho da tsaga a kan gaɓa mai kumburi, domin mai shan methotrexate ko prednisolone rauninta yana saurin kamuwa, aska ɗaya kuma tana iya yawo da ciwon hanta. Haka ruwan magani na gora da ake talla da lasifika: wasu ana zuba musu dakakkun ƙwayoyin asibiti, wasu suna taɓa hanta, wadda dama methotrexate ke buƙatar ta da lafiya. Kuma kada ki bari mai ɗori ko mai tausa ya murɗa miki wuya. Cutar takan sassauta gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu. Idan maigida yana shan taba, a daina sha a ɗaki, hayaƙinta yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna da alaƙa da cutar. Ki kula da dasashi ma, a ga likitan haƙori idan yana jini.

Game da azumi, yawancin waɗanda cutarsu ta kwanta suna yin sa lafiya. Methotrexate a sha bayan buɗe-baki a ranarsa, prednisolone da sahur, maganin ciwo bayan an ci abinci sosai, ba da dabino da ruwa kaɗai ba. Mai olsa ko matsalar ƙoda, ko wadda cutar ke kan tashi irin taki yanzu, ta zauna da likita tun cikin Sha'aban.

Kafin ranar asibiti ki samu ƙaramin littafi ki yi mako biyu kina rubutu: ƙarfe nawa kika farka, ƙarfe nawa hannu ya saki, ƙarfin ciwo daga sifili zuwa goma da safe da yamma da dare, gaɓɓan da suka kumbura, da adadin ƙwayar kashe ciwo da kika sha. Yawancin marasa lafiya suna shiga wurin likita ne da rana tsaka, lokacin da hannu ya fi kyau, sai ya ga kamar da sauƙi. Littafin ne zai nuna masa asubar da bai gani ba. In yatsu sun kumbura da safe ki ɗauki hoto da waya. Bayan an koma kan magani ki ci gaba da rubutun: ƙagewar awa biyar ta koma biyu, ta koma rabin awa, ƙwayar diclofenac ta ragu daga kullum zuwa jefi-jefi, alamar ke nan magani ya kama.

Wasu abubuwan kuwa ba sa jiran ranar da aka ba ki. Gaɓa guda ta kumbura fiye da sauran, ta yi ja da zafi, ga zazzaɓi: ƙwayar cuta ce ta shiga har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma takan lalata gaɓa cikin kwanaki. Bayan gida baƙi kamar kwalta ko aman jini, ciki ne ke zubar da jini. Gyambon baki mai yawa, zazzaɓi, ko busasshen tari da haki ga mai shan methotrexate, a dakatar da shi a tafi asibiti a ranar. Haka ido ya yi ja yana ciwo, ko ciwon ƙirji, ko ciwon ƙeya da ke zuwa da mutuwar hannuwa biyu da raunin ƙafa. Duk asibitin da kika shiga, ko don zazzaɓin cizon sauro ne, ki fara gaya musu magungunan da kike sha, har da na ledar.